Littafin Girkin Gida: Darasi Domin Hutu

Hutu ya matso, kuma da yawa daga cikinku za su hau hanyar yamma zuwa gida, waɗansu su sauka a Kabo ko Garo, waɗansu su zarce Gwarzo, ko Getso, ko Kutama, ko Lakwaya. Aikin da za ku tafi da shi bana ba na lissafi ba ne, ba kuwa na tarihin sarakuna ba. Kowane ɗayanku zai sayi littafin rubutu mai kauri, ya zauna kusa da murhun gidansu, ya rubuta yadda ake dafa abincin da ya girma da shi. Na san waɗansu samari za su yi murmushi, su ce wannan ai sha'anin mata ne. To, ku saurara tukuna ku ji dalili.

Kakata, Allah ya jiƙanta, a wani ƙauye na ƙasar Kabo ta zauna, daddawa kuwa ita ce sana'arta. Tun daga nesa mata ke aiko yara saye, har ana ajiye wa baƙi su tafi da ita birni. Muna ganinta kullum tana aikin, saboda haka duk gidan muka ɗauka mun iya. Da ta rasu, da kakar ɗorawa ta zagayo, sai matan gida suka haɗu suka dafa kalwa wuni guda, suka surfe, suka wanke, suka sāke dafawa, suka zuba a kwando suka rufe, kamar dai yadda suka saba gani. Bayan kwana uku aka buɗe, sai ga abu ya yi wari irin na ruɓa, ba irin na daddawa ba. Aka sāke, ya fito da tauri. Aka yi ta gardama, wannan ta ce da ganye kaza take rufewa, waccan ta ce a'a, da tsohon buhu ne. Wata ta ce tana barbaɗa toka, wata ta ce gari ne. Ba wadda ta san ko kwana nawa take bari da sanyi, ko nawa da zafi. Daga bisani sun koyi yi a wurin wata maƙwabciya, ana ci, amma ba waccan ba ce, ba kuwa wanda ya isa ya dawo da ita. Abin da ya ɓace bai fi a rubuta shi a shafi ɗaya ba, ga ni kuwa a lokacin ɗan makaranta, da alƙalami a aljihu.

Yanzu na san abin da ke faruwa cikin kwandon nan. Waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke aiki cikin dafaffiyar kalwa, su ne ke sa ta laushi da ƙamshi, kuma ɗumi suke so. In wuri ya yi sanyi aikinsu ya yi nawa, in ruwa ya yi yawa waɗansu halittun dabam su rinjaye su, abu ya lalace. Tsohuwa ba ta taɓa jin wannan bayani ba, amma tafin hannunta ya san ɗumin da ake so. Ilmin girki a ƙasarmu duk haka yake, a hannu yake, da ido, da hanci. Aikinku shi ne ku fitar da shi daga hannu ku sa shi a takarda ba tare da ya mutu a hanya ba.

Kada ku yi tsammani ba a taɓa ambaton abincinmu a littattafai ba. Ibn Baɗuɗa, da ya yi yawo a ƙasar Mali cikin 1352 da 1353, ya faɗi wani abin sha da ake yi da dakakken gero da ruwa, a sa zuma ko nono, wanda duk Bahaushen da ya karanta zai ce ɗan'uwan fura ne. Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano cikin 1851, ya kuwa yi zancen fura da tuwo. Amma su baƙi ne masu wucewa, sun faɗi abin da suka ci, ba su faɗi yadda aka yi shi ba. A Bagadaza kuwa tun cikin 1226 wani malami, Muhammadu ɗan Hasan Albagadadi, ya zauna ya rubuta littafin dafuwa sukutum, har yau ana iya dafa abin da ke ciki. Malami ne fa, bai ga abin ya rage masa daraja ba.

Ga wani misali na kusa da gida. Akwai wata tsohuwa, Baba, mutuniyar Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa, kudu da Gwarzo. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa ta ƙasar Zazzau, tana faɗin labarin zamanta ana rubutawa. Baba ta rasu cikin 1951, littafin ya fito cikin 1954. Abu mai yawa da masana suka sani game da zaman matan yammacin Kano a zamanin da, na aure, da suna, da sana'ar cikin gida, daga bakin tsohuwan nan guda ya fito. Da an yi jinkirin shekara biyu, da shi ke nan. Kowane gida a Gwarzo da Kabo yana da irin Baba, sai dai ba kowane gida ke da mai rubutawa ba.

Wani zai ce, ai tuwo tuwo ne, yadda ake yi jiya haka za a yi gobe. Ba haka ba ne. Masara, da rogo, da gyaɗa, da barkono, da tumatir, duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne, ba su ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Gyaɗa ba ta cika gonakin Kano ba sai da jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, fatauci ya buɗe. Iyayenku sun ga lokacin da injin niƙa ya kori dutsen niƙa, da lokacin da tuwon masara ya fara ture tuwon dawa da na gero a gidaje da yawa, da lokacin da dunƙulen Maggi ya shiga tukunyar da a da daddawa kaɗai ta sani. Madatsun ruwa irin na Guzuguzu sun sa ana samun ɗanyen tumatir da albasa da rani, har yarinya ta yanzu ba ta damu da koyon miyar kauɗa ba. Ba na cewa sāke-sāken nan duk ɓarna ne, wanda ya taɓa ganin mace tana surfe tun asuba ba zai zagi inji ba. Abin da nake cewa shi ne, kowane sabon abu in ya shigo, wani tsoho yakan fita ta bayan gida ba wanda ya yi masa sallama.

Wa za a tambaya

Ku fara da wadda ta fi kowa tsufa. Wannan ma sauƙi ne gare ku, gama tsakanin jika da kaka akwai wasa, abin da ɗan fari ba zai iya tsayawa ya tambayi uwarsa ba saboda kunya, kaka za ta faɗa masa tana zolayarsa. Namiji da ba ya son a gan shi a madafi, sai ya sa ƙanwarsa ta zama idonsa, shi ya riƙe alƙalami. Bayan kaka sai gwaggo da inna, da matan da aka auro daga wani gari, don sau da yawa su ne ke shigo da abin da gidan bai sani ba. Wadda ta fito daga rugar Fulani hannunta a fura da man shanu dabam ne, wadda ta zauna birni ita ta san alkaki da gurasa.

Kada ku je da tambaya irin ta jarrabawa. In ka ce, “Iya, yaya ake miyar kuka?” za ta ce, “Kai, ai sai ka ɗora ruwa ka sa kayan miya ka kaɗa,” ta kuwa gaya maka gaskiya, amma ba ka sami kome ba. Abin da za ka ce shi ne, “Iya, yau in za ki ɗora tukunya ki kira ni.” Sa'an nan ka zauna ka yi shiru, ka duba. Abu guda kuma, in girkin sana'arta ne, da shi take ci, kada ku matsa mata. In ta ba ku asirinsa, ku tambaye ta wa ta yarda ya gani, ku rubuta wannan a kan shafin, ku kuwa tsare.

Zancen awo

Nan ne aikin yake, nan kuma yawancin masu gwadawa ke faɗuwa. Tsohuwa ba ta awo da abin da za a iya rubutawa. Za ta ce gishiri kaɗan, kanwa 'yar daidai, ruwa har ya sha kansa, gari har ya yi. In kun rubuta haka, littafinku zai amfani wanda ya riga ya iya ne kaɗai, shi kuwa ba ya bukatarsa. In ta ce cikin hannu ɗaya, ku tuna hannunta ba naku ba ne. In ta ce mudu, ku tuna mudun kasuwar Getso ba lalle ne ya zo daidai da na Kasuwar Kurmi ba, kuma akwai mai toro, akwai shafaffe. Ludayi da ƙoƙo kuwa, tun da yake a gona suke fitowa, ba biyu da suka yi daidai.

Ba mu kaɗai wannan ya dama ba. Turawa ma sun daɗe suna rubuta “ɗan kaɗan” da “gwargwadon bukata”. Sai cikin 1845 wata mata a Ingila, Eliza Acton, ta fitar da littafin da ya jera kayan kowane abinci da yawansu da tsawon lokacin dahuwa. Cikin 1896 wata malamar makarantar girki a Boston ta Amurka, Fannie Farmer, ta nace a kan a riƙa shafe bakin cokali da na kofi, don awon kowa ya zo ɗaya. Dubarar ba ta fi haka ba, za mu kuwa iya yinta da abin da ke gidajenmu.

Ku zaɓi ma'auni uku waɗanda ake samu ko'ina ba su sākewa. Na fari ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, wanda mata suka riga suka saba awo da shi. Na biyu ƙaramin cokalin shayi, mai cin mililita 5, da babban cokali mai cin uku nasa. Na uku gorar ruwa wadda aka rubuta yawan abin da take ci a jikinta. A shafin farko na littafin ku bayyana su, ku ce duk inda aka ce gwangwani, wannan ake nufi, shafaffe. Sa'an nan ku auna mudun gidanku da ludayin miya da wannan gwangwani, ku rubuta nawa suke ci.

Yadda za ku kama awon tsohuwa kuwa shi ne, in ta ɗebo gishiri za ta jefa, ku tara mata faranti, ta zuba a nan, ku auna da cokali, kāna ku juye a tukunya. Za ta yi tsaki, ta ce kuna ɓata mata lokaci, ku yi haƙuri. Abin da take zubawa kaɗan kaɗan, kamar garin tuwo, sai ku auna shi duka tun kafin ta fara, in ta gama ku auna ragowar, ku ɗebe. Ga lissafi ya shigo, ga masu cewa babu shi. Kada ku dogara ga rana ɗaya, ku yi haka sau uku, gama yau tana dafa na mutum goma, gobe na sha biyar. Kullum ku rubuta bakin mutum nawa abincin ya ciyar.

Ga yadda shafi ɗaya zai kasance, na ɗauko daga littafin gidanmu:

Ɗanwake, na mutum huɗu. Daga bakin gwaggona, ita kuma daga uwar mijinta. Garin wake gwangwani 2, garin rogo gwangwani 2, kuka babban cokali 2, kanwa ungurnu kamar girman ƙwallon dabino, a jiƙa ta a ruwa gwangwani 1 tun da hantsi, a tace. A haɗa garin da kuka a bushe tukuna, a gauraya sarai. A zuba ruwan kanwa, a riƙa ƙara ruwa kaɗan kaɗan ana kwaɓawa, har in an ɗaga hannu ƙullun ya biyo yana yauƙi, amma ba ya zuba da kansa. Ruwan tukunya ya kai rabi, kada ya fi, don yana kumfa. Sai ya tafasa sosai kāna a fara sakawa, ana tsinkowa da yatsu. In ya taso sama a bar shi kamar minti goma, a ciro ɗaya a raba, in cikinsa ba fari ya nuna. A tsame a ruwan sanyi, a tsane, a sa soyayyen man gyaɗa da yaji. In ya narke a tukunya, ruwan kwaɓi ya yi yawa ko kuka ta yi kaɗan. In ya yi ɗaci, kanwa ce.

Ku lura da abin da ke cikin shafin nan bayan awo. An faɗi irin kanwar, gama ungurnu da jar kanwa ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. An faɗi alamar da hannu zai ji da wadda ido zai gani. An faɗi abin da ke lalacewa da dalilinsa, wannan kuwa shi ne abin da littattafan kasuwa suka fi mantawa. An kuma faɗi daga wa aka samo, kamar yadda malamai ke faɗin daga wa suka ɗauki karatu.

Alamun nan kada ku raina su don kun sami agogo. Minti goma a kan itacen marke ba minti goma ba ne a kan kara, balle a kan gas. Saboda haka ku rubuta lokaci, ku rubuta irin wutar, ku kuma rubuta alama, in sun saɓa a bi alama. Tuwo misali ne mai kyau. Ku saurari kalmomin da mai tuƙi ke amfani da su, talge, da ruɗe, da tuƙi, da barinsa ya sulala, da kwashewa da mara, ku rubuta su yadda ta faɗa, kada ku musanya su da naku na makaranta. Ku tambaye ta yaya take sanin talge ya nuna kafin ta zuba gari, me ke kawo gudaji, don me take tsoma mara a ruwa. Kalmomin nan su ma dukiya ne, waɗansunsu ba kowane ƙamus ya kama su ba, kuma yadda ake faɗi a Gwarzo, kusa da iyakar Katsina, wani lokaci ya bambanta da na cikin birni.

In kun gama shafi, sauran gwaji. Ku ba wanda bai taɓa dafa abin ba, ya bi takardar kaɗai, ba mai gaya masa kome. A kai wa tsohuwa ta ɗanɗana. Abin da ta kushe, a nan ne rubutunku ya yi giɓi.

Inda za ku ƙara naku

Littafin ba na yabon gargajiya ba ne kurum. Akwai wuraren da sani na yanzu ya gyara na da, kuma wajibi ne malami ya rubuta gyaran a gefe, da ladabi, ba tare da ya goge maganar manya ba.

Babban misali shi ne kunun kanwa na maijego. Kowa ya san al'adar, wankan ruwan zafi safe da yamma, da kunu mai kanwa da yawa, har kwana arba'in ko fiye. Cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura da yawan matan da ke zuwa bayan haihuwa da kumburin ƙafa da haki, zuciyarsu ta gaza. Da suka bincika, suka ga yawan kanwa tare da tsananin zafi na cikin abubuwan da ke jawo wannan, gama kanwa tana da sinadari irin na gishiri, mai tara ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya kaya. Saboda haka in kun zo shafin kunun kanwa, ku rubuta yadda kaka ke yi, sa'an nan ku rubuta a ƙarƙashi cewa a rage kanwa ƙwarai ga maijego, wadda kuma ke da hawan jini kada ta sha, in kuwa aka ga kumburi ko numfashi na yi mata wuya a kai ta asibiti ran nan. Ko a dafa wake ma, kanwa tana saurin nunar da shi, amma tana kashe wani sashi na amfaninsa. In an jiƙa wake tun dare, kaɗan za a bukata, ga kuma ragin itace.

Ku keɓe shafuffukan ƙarshe domin irin waɗannan dubaru na yau da kullum. Ajiyar wake tana cikinsu. Tsofaffi suna shanya shi ya bushe ƙarau, su gauraya da toka ko yashi mai laushi ko busasshen barkono, su toshe bakin tulu. Yanzu akwai buhu mai leda biyu a ciki, da jarka mai murfi, waɗanda in an cika su aka toshe, ƙwari su mutu don rashin iska. Duk waɗannan sun fi zuba maganin ƙwari na gona a cikin abin da za a ci. Wannan mugun hali shi ya sa cikin 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Abin da baƙo ya ƙi saye don tsoron lafiyarsa, bai kamata mu ba 'ya'yanmu ba.

Gyaɗa da masara kuma, abin tsoro gare su fumfuna. Cikin 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa, binciken wannan ne ya tono wata guba da fumfuna ke haifarwa, mai cin hanta a hankali. Wuta ba ta kashe ta, suya ko dahuwa duk ɗaya. Maganinta shi ne a shanya a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, a ajiye inda ba laima, kuma kafin a yi ƙuli-ƙuli ko kunun gyaɗa a zauna a tsince duk wadda ta yanƙwane, ko ta sāke launi, ko take da ɗaci, a zubar, kada a ce a ba yara ko kaji.

Sauran ku bi su da sauri. Gishirin da ake sayarwa yanzu an sa masa sinadarin da ke hana maƙoƙo, sai a rufe shi, kada a bar shi a rana ko a bakin murhu. Ɗumame a ɗumama shi har cikinsa ya yi zafi yana tururi, miya kuma ta tafasa, ba a ɗan gasa baya kurum ba. Zogale da sauran ganye kada a dafa su har su yi baƙi. In mai ya kama wuta a kasko a rufe shi da murfi, a janye itace, kada a kuskura a watsa ruwa. In yaro ya ƙone, a yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta a wurin har kamar minti 20, kada a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki. Hannun tukunya kuma a juya shi nesa da inda mai rarrafe ke bi.

Akwai awo ɗaya da nake so kowa ya rubuta da manyan baƙaƙe, don a nan ne bambancin “kaɗan” da awo na gaskiya ke zama zancen rai. In yaro na zawo, ba a sami ƙunshin gishiri da sukari na asibiti ba, sai a tafasa ruwa lita 1 ya huce, a sa sukari ƙaramin cokali 6 shafaffu, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan ana shirin kai shi asibiti. In gishiri ya wuce haka, maganin ya koma cuta.

Wani sashi kuma da nake roƙonku kada ku tsallake, shi ne abincin lokacin wuya. Tsofaffi ba su cika son zancensa ba, suna ganin abin kunya ne. Amma waɗanda suka ga farin 1973 suna nan da rai, sun kuwa ji labarin yunwar 1914 daga bakin iyayensu. Su ne suka san yadda ake sarrafa tafasa da yaɗiya da rama, da yadda ake miƙa ɗan tsaki da ganye ya zama fate ko dambun da zai ishi gida, da wane ganye ake zubar da ruwansa na fari, da irin rogon da ba a ci sai an jiƙa shi kwanaki. Tsadar abinci da aka shiga cikin 2023 da 2024 ta mai da gidaje da yawa ga irin wannan girki, sai aka tarar matan da suka san shi sun yi ƙaranci. Ku tambaya a hankali, da dare, lokacin hira.

Game da littafin kansa, ku sayi mai bango mai tauri, ku rubuta da biro, don tawada tana narkewa in ruwa ya taɓa. Abinci ɗaya shafi ɗaya, shafin da ke fuskantarsa a bar shi fari domin gyara da ƙarin na baya. Ku bar shafi biyu a gaba domin jerin abin da ke ciki. Wanda gidansu ajami aka fi karantawa, ya rubuta da ajami, ko ya haɗa biyun, gama littafin na masu gidan ne, ba nawa ba. Mai waya ya ɗauki muryar tsohuwa in ta yarda, abu ne mai kyau, amma a daren nan ya juye a takarda, don waya takan faɗa ruwa, takan ɓace. Kada a ajiye littafin a madafi inda hayaƙi da maiƙo suke, a sa shi a leda cikin akwatin ƙarfe saboda gara da kyankyaso. In za a kai wata 'yar gidan ɗakin miji, a kwafa mata nata a sa cikin kayanta, asalin ya zauna a gida.

Abin da za ku kawo ran komowa shi ne shafi goma sha biyu. A ciki lalle a sami tuwo ɗaya da miyarsa, da kunu ɗaya, da abin biki ɗaya kamar nakiya ko alkaki ko funkasau, da ɗaya na lokacin wuya, da ɗaya wanda tsohuwa ta ce an daina yi. Kowane shafi ya nuna garin, da shekarar da aka rubuta, da dangantakarku da mai faɗa, da ko an gwada shi. Wanda kakarsa ke yin daddawa ya fara da ita, ya kuma tambaye ta kwana nawa take rufewa da hunturu, nawa da bazara.